Wane Ne Mutumin Kirki A Fagen Dambe?

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a zaurenmu a Kiru, sai ga wani jikana ya shigo, yaro ɗan shekara 19. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma gefe ya yi shiru. Da ma na lura tun da kaka ta gabato ba shi da wani aiki sai kallon dambe cikin wayarsa, in ya kewaya bayan gida kuwa sai ka ji yana ta naushin buhun yashi. Na ce masa, "Abokina, yau kuma da wace ka zo?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, so na ke in an gama girbi in tafi Kano in shiga dambe. To, an ce ba a shiga sai da ubangida. Shi ne na zo in tambaye ka, tun da ka daɗe kana kallon abin nan. Cikin 'yan damben nan wane ne mutumin kirki na gaske, wanda in na bi shi ba zai cuce ni ba?"

Na so in yi masa dariya irin ta kaka da jika, amma dariyar ta ƙi zuwa, don tambayar ta wuce wasa. Yaro ne zai ɗauki idanunsa da haƙoransa da ƙuruciyarsa ya danƙa a hannun wani ƙato. Na ce ya ba ni kwana uku. Abin da na tuna cikin kwanakin nan uku shi ne na ga ya kamata in rubuta, ko zai amfani wani uban ko wani kakan da irin wannan tambaya za ta tarar.

Kowa ya san dambe a da wasan kaka ne, kuma galibi na rundawa, watau mahauta. In an kau da amfanin gona sai su ɗauki makaɗansu su riƙa bin garuruwa, a share fage a gonar da aka girbe, a yi ta karawa. Yanzu kuwa ya zama sana'a ta rani da damina. Akwai gidan dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, akwai a Dei-Dei ta Abuja, akwai a Maraba ta jihar Nasarawa. 'Yan wasa sun kasu ɓangare uku, Kudu da Arewa da Guramada, ana sa gasar babur, har da ta mota. Inda kuɗi ya shiga kuwa, dole a tambayi hali.

Wahalar ita ce, duk abin da mai kallo ke ji game da ɗan dambe daga bakin makaɗi ya ke fitowa, ko daga bakin ɗan damben kansa sa'ad da ya ke kirari. Marigayi Muhammadu Bawa Ɗan Anace shi ya ɗaukaka sunan Shago da Ɗan Dunawa da Ado Ɗan Kware, har ya zama yau in yaro ya iya hannu sai a ce masa Shagon wane. To, amma waƙar dambe ba a yi ta don auna hali ba. Aikinta ta zuga, ta mai da mutum dodo, ta kashe jikin abokin karawa tun bai shigo fage ba. Wanda ya nemi sanin kirkin mutum cikin kirarinsa, kamar wanda ya je sayen doki ne ya tsaya sauraron dillali bai buɗe bakin dokin ba.

Ni na koyi wannan da kunya, ga kuwa yadda aka yi.

Cikin shekarar 1972 ina ɗan shekara 15. Lokacin ana tsakiyar ginin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka fara a 1971 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974. Leburori sun taru daga ko'ina, in wata ya ƙare kuɗi na yawo a aljihun samari, saboda haka da kaka ta yi sai 'yan dambe suka yi ta kwararowa ƙasarmu. Biyu daga cikinsu su ne suka fi shahara a wajenmu. Ba zan kama sunansu ba, don dukansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma sun bar zuriya.

Na farko wani dogo ne, kyakkyawa, mai fara'a. In ya shigo gari ya kan bi dattawa ya gaishe su, ya raba goro, ya shafa kan yara. In ya fito fage yana murmushi, mata na guɗa daga nesa, mu yara muna bin sa duu. Na biyun kuwa wani bahago ne daga wajen duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, gajere, kakkaura, fuska kullum a murtuke. Ba ya gaisuwa mai tsawo, ba ya raba kome. In aka kaɗa takensa ya tashi yana kirari, sai ka ga yara sun ja da baya. Baƙin jininsa ya zama irin na muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Da an tambaye ni a lokacin wane ne na kirki cikinsu, da ko numfashi ba zan yi ba zan nuna mai fara'a.

Ina da wa, ɗan shekara 20, ƙaƙƙarfa, wanda in ya kama garma sai an yi da gaske a ke cim masa. Mu ba rundawa ba ne, manoma ne, Baba kuma ba ya son ko jin kalangu. Amma Yaya ya riƙa satar jiki yana zuwa fage, ni ke riƙe masa riga. Ya kashe mutum biyu uku cikin sa'o'insa, kansa ya kumbura. Ran nan a wani fage da aka yi a gefen hanyar Bebeji, sai ya tsallake sa'o'insa ya je ya tsaya gaban Bahago ya miƙa masa hannu. Bahago ya dube shi ya girgiza kai, ya ƙi tashi. 'Yan kallo suka yi ta ihu wai ya ji tsoron ɗan manomi. Da abin ya ishe shi sai ya tashi.

Turmin farko aka raba ba kisa. A turmi na biyu Yaya ya ja da baya zai kauce, sai ƙafarsa ta harɗe da tushiyar kara, ya tafi taga-taga ya dafa ƙasa. A dambe kuwa, ko hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa ke nan. Nan take makaɗa suka juya kiɗa, yaran Bahago suka ruga za su ɗaga shi, masu kari suka fara laluben aljihu. Sai Bahago ya ɗaga garkuwarsa, watau hannun da ba a naɗe ba, ya tsai da su. Ya ce, "Ban taɓa shi ba. Kara ne ya ka da shi. Ku cire tushiyar nan, ya tashi." Aka cire, aka koma.

A turmi na uku ya kashe shi kisa na gaske. Hannu ɗaya ya kai masa, Yaya ya zube, jini ya ɓalle masa ta hanci, ya kwanta ba motsi. Ni kuwa da na ga haka sai hankalina ya gushe. Na faɗa tsakiyar fage ina kuka ina cewa, "Ƙarfe ne a hannunsa! Wallahi ƙarfe ya naɗe!" Ban ga ƙarfe ba, ban ji wani ya faɗa ba, ƙiyayya ce kawai ta sa mini maganar a baki. Amma da ya ke mutane da ma ba su son sa, sai wuri ya ruɗe, wasu har sun fara tsintar duwatsu.

Bahago bai ce uffan ba. Ya zauna a ƙasa, ya miƙa wa wani dattijon bafawa hannunsa, aka yi ta warware zare, aka warware ƙyalle, har hannu ya fito tsirara. Ba kome. Mutane suka juyo kaina, wani ya ɗaga hannu zai mare ni. Bahago ya ce, "Ƙanensa ne? Ku rabu da shi, ciwon ɗan'uwa ne." Sa'an nan ya tashi ya yayyafa wa Yaya ruwa har ya farfaɗo, ya aro keke ya ɗora shi, ya turo shi da kansa har ƙofar gidanmu, ya juya bai jira godiya ba.

Wanshekare da hantsi sai ga sallamarsa, da ƙunshin hanta cikin ganye. Baba ya fito ransa a ɓace. Bahago ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce, "Malam, na zo duba mai jiki ne, in kuma faɗa maka wata magana. Ɗanka yana da ƙarfi, yana da zuciya. Amma in hannu ya taho ya kan rufe ido. Mai rufe ido kuwa ba ya tsufa a fage da lafiyarsa. Ka hana shi, don wani in ya gane haka ba zai faɗa ba, ci zai yi ta yi da shi." Baba ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan samari." Ina laɓe a bayan ƙyaure ina jin su, na kasa fitowa. Yaya bai sake naɗa hannu ba, ya yi nomansa har Allah ya karɓi ransa da idanunsa biyu.

Mai fara'a fa? Da kaka ta kewayo aka yi fage a wata kasuwa wajen Tudun Wada, ya kara da wani yaro sabon shiga, ya fasa masa ido. Dangin yaron suka matsa sai an warware hannu. Aka warware, sai ga curin dalma. Cikin daren nan ya sulale, ya bar yaransa ba kuɗin mota, ya bar mai tuwo da bashin kwana 10. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tun daga ran nan na san ba kowace fuska ke ba da labarin gaskiya ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan al'amari na 'yan dambe ne kaɗai. Sa'ad da na shiga makarantar horon malamai na tarar da wani tsohon malami wanda ya koyi wasan kurket tun a Kwalejin Katsina, inda su Sardauna Ahmadu Bello suka yi shi suna ɗalibai. Shi ya koya mana, na kuwa kamu da son abin, na riƙa bin labarinsa har yau. Wasa ne na mutum 11 a kowane gefe. Ana kafa 'yan sanduna uku, wani ya jefo ƙwallo mai tauri don ya ka da su, wani kuma ya tsaya da faffaɗan katako yana karewa, in ya doke ƙwallon ya yi nisa sai ya yi gudu ya tara maki. Turawan Ingila suna alfahari da shi ƙwarai, wai wasan masu mutunci ne, har in mutum ya yi rashin gaskiya su kan ce abin da ya yi ba kurket ba ne. To, da na duba tarihin ƙwararrunsa, waɗanda ke ci da shi, sai na tarar da Bahago da mai fara'a duk suna ciki.

Akwai Frank Worrell, mutumin Barbados, baƙar fata na farko da aka ba shugabancin ƙungiyar tsibiran Karebiyan na dindindin. A 1962 'yan wasan Indiya suka kai ziyara can, sai ƙwallo ya sami shugabansu Nari Contractor a ka, ƙoƙon kansa ya tsage, aka kai shi asibiti rai a hannun Allah. Worrell na cikin waɗanda suka fara miƙa hannu aka ɗebi jininsu aka ƙara masa, ya rayu. Worrell ya rasu a 1967 yana da shekara 42, ciwon dajin jini ne ajalinsa. Mutanen Kalkata ta Indiya suka keɓe ranar 3 ga Fabrairu ta kowace shekara suna ba da jini kyauta da sunansa. Ka ji wanda ya turo keke har ƙofar gida.

Akwai Courtney Walsh, mutumin Jamaika, dogo mai jifa kamar harsashi, wanda ya fitar da mutum 519 a manyan wasannin ƙasa da ƙasa. A gasar cin kofin duniya ta 1987 a Lahore, saura jifa ɗaya a tashi, Pakistan na neman maki biyu, kuma da an fitar da mutum ɗaya nata an cinye ta. Dokar wasan ta ce abokin mai duka, wanda ke tsaye kusa da mai jifa, kada ya bar wurinsa sai ƙwallo ya bar hannu, in ya bari mai jifa na iya taɓa sanduna ya fitar da shi. Saleem Jaffar ya yi gaggawa ya bar wurinsa. Walsh ya tsaya cak da ƙwallo a hannu, ya dube shi, ya bar shi ya koma. Da ya yi jifan, Abdul Qadir ya sami maki biyun, Pakistan ta ci, ƙungiyar su Walsh kuwa ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba. Haka kuma Adam Gilchrist na Ostireliya, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2003 da Siri Lanka. Ƙwallo ya shafi katakonsa aka cafe, wanda a doka ya fita ke nan, amma alƙali bai gani ba, ya ce yana nan. Gilchrist ya saɓa katakonsa ya fice don kansa. Waɗannan su ne masu cewa kara ne ya ka da shi.

Sa'an nan akwai Hansie Cronje, shugaban ƙungiyar Afirka ta Kudu, wanda mutanen ƙasarsa suka ɗauka abin koyi, ga ladabi, ga riƙon addini a bainar jama'a. A shekarar 2000 asiri ya tonu, ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi a hannun 'yan caca. Abin da ya fi muni, ya jawo biyu daga na ƙasa da shi, Herschelle Gibbs da Henry Williams, ya yi wa kowanensu alkawarin dala 15,000 in sun yi sakaci da gangan a wani wasa a Indiya. Aka dakatar da su wata 6, shi kuwa aka kore shi daga wasan har abada, ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a 2002. Murmushi a waje, dalma a hannu, yara kuma su kwana a ciki.

Da na jera waɗannan da abin da na gani da idona, sai na ga wurare uku ne a ke gane kirkin ɗan wasa, ko na dambe ko na kurket ko na kokawa. Na farko, sa'ad da abokin karawarsa ke kwance. Na biyu, sa'ad da yin shiru zai ba shi nasarar da ba tasa ba. Na uku, yadda ya ke da na ƙasa da shi a inda ba 'yan kallo. Zafin hannu a fage ba mugunta ba ne, sana'ar ke nan, Bahago bai sassauta wa Yaya ba, Walsh bai taɓa sassauta jifa ba. Fara'a kuma ba laifi ba ce, sai dai ba ta isa shaida ba. Wani Bature da ya yi aiki a ƙasar nan, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafta halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka duba da kyau, babu ƙarfi a ciki, babu nasara, babu farin jini.

Da kwana uku suka cika jikana ya dawo. Na ce masa, "Ba zan kama maka sunan kowa cikin masu tashe ba, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Amma ga abin da za ka yi. In ka je, ka yi wata guda ba ka naɗa hannu ba. Ka bar kallon fage, ka kalli bayan fage. Ka tambayi mai tuwo da mai shayi wane ne ba ya cin bashinsu. Ka ga wane ne yaransa ke ci kafin ya ci, in an yi kari kuma ya raba da su. Ka ga wane ne ke miƙa hannu a duba ba da fushi ba, wane ne ke bin wanda ya kashe har asibiti. Ka nemi yaran da suka bar shi ka ji abin da za su ce. In kuwa wani ya ce zai haɗa ka da wanda ya fi ka nesa don kuɗin ya fi yawa, ka ɗauki takalmanka."

Ya ce, "To, Alhaji."

Yana cikin sunkuyar da kai sai na cire hulata na kai masa ita fuska ba zato. Ya runtse idanu gam, ya kau da kai. Na ce, "Af! Ashe gado ne." Na kwashe labarin Yaya da Bahago na gaya masa, har da ƙaryar da na yi a fage, wadda ban taɓa gaya wa ko ubansa ba. Ya yi shiru ya daɗe. Har yanzu bai ce ya fasa ba, bai kuma tafi ba, ni ma ban matsa masa ba. Buhun yashin dai yana nan rataye.

Saura magana ɗaya. Bayan shekaru da yawa aikin koyarwa ya kai ni ƙasar Doguwa. Ran wata kasuwa na hau mota na nufi Riruwai da niyyar in nemi Bahago in roƙe shi gafara. Na yi ta tambaya har aka kai ni rumfar mahauta. Wani tsoho ya ce mini, "Ai ka makara, Malam, bara ya rasu." Na tambaye shi wane irin mutum ne. Bai ambaci dambe ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, "Ba shi da yawan magana. Amma in yaro ya zo sayen nama, kashin da zai ba shi shi ne wanda zai ba babba."

Na tsaya a rumfar nan na yi masa addu'a, na komo. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini ƙazafin da na yi masa, ya haɗa 'ya'yanmu da irinsa a duk sana'ar da suka kama, amin.